Biri Ya Yi Kama da Mutum

Wannan karin magana kullum tana bakinmu a kasuwa, amma su masu binciken magunguna da gaske suka ɗauke ta. Jikin biri ya yi kusa da namu ƙwarai, shi ya sa akan gwada wasu sababbin magunguna a kansa kafin a ba ɗan Adam. Rigakafin shan inna ma, da ƙodar biri aka fara haɗa shi.

To, amma kusancin nan yana da haɗari, don cutar biri kan kama mutum. A 1967, a Marburg da Frankfurt na ƙasar Jamus, masu aiki da birai da aka kawo daga Uganda sun kamu da wata sabuwar cuta, mutum bakwai suka rasu. A 1978 kuma Indiya ta hana fitar da biranta waje. Irin waɗannan dalilai suka sa Amurka da Sin da wasu ƙasashe suka koma kiwon birai a killace. Ana ɗibar jininsu a kai a kai, ana gwada su ko suna da tarin fuka ko wata ƙwayar cuta mai kisan mutum. Wanda aka samu da cuta a fitar da shi. Wajen kafa sabon garke, akan raba ƙanana da manya, a tsare su daban har a tabbatar da lafiyarsu.

Ga tambayar: ya halatta a tsare dabba mai sanin uwarta da 'yan uwanta, tun daga haihuwa har mutuwa, saboda mu? Wani zai ce ai gata aka yi musu, ga abinci ga likita. Mu 'yan kasuwa mun san wannan gatan. Mai kiwon ragon Layya yana wanke shi yana ba shi dusa, kuma kowa ya san don wa ake yi.

Ni dai ba zan ce a daina ba. Duk wanda ya ga yaro yana jan ƙafa saboda shan inna ya san me ake nufi da lalura. Sai dai lalura tana da iyaka. Mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ci ba sha. Wanda ya tsare rai, haƙƙinsa ya hau wuyansa. Don haka inda wata hanya za ta wadatar a bar biri, kada a ɗauki goma inda biyar za su isa, kada a bar shi shi kaɗai a keji, a kuma rage masa zafi.

Ma'aunin nan ya biyo mu har kara. Kajin da muke cusawa a kwando, da shanun da ke kwana a tirela daga Arewa ba ruwa, su ma za a tambaye mu a kansu. Allah Ya sa mu fita haƙƙi. Juma'a mai albarka.