Wanda ya tsaya a bakin Bahar Maliya

A gidanmu akwai gardamar da ta girme ni: yayan kakana Alhaji ne ko kuwa? Ya bar ƙauyenmu na ƙasar Kazaure da ƙafa, cikin ayarin maniyyata, da jaki ɗaya da kayan dukancinsa. Shekara bakwai ana jin ɗuriyarsa a bakin masu dawowa. An gan shi a Abeshe, an gan shi a Fashir, wani ya ce yana tsinkar auduga a Jazira. Labarin ƙarshe shi ne ya rasu a Sawakin yana jiran jirgi. Kakata har ta koma ga Allah ba ta kiransa sai da Alhaji. Limamin unguwarmu kuwa, cikin ladabi, yakan ce wanda bai tsaya Arfa ba bai yi Hajji ba.

Wannan gardamar ce ta kai ni Sawakin, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023. Na bi ayarin manyan motocin fatake daga Kasala, muna tafiya a jere, idan ɗaya ta lalace duka a tsaya. Bayan Sinkat hanya ta gangaro daga kan duwatsu, iska ta yi nauyi, warin gishiri ya shigo ta taga.

Tsohon garin Sawakin yana kan ɗan tsibiri, wata gajeriyar hanya ta haɗa shi da tudu. An gina gidajensa da dutsen murjani da ake haƙowa daga teku. Na ɗauki wani guntu da ya faɗo daga bango, fari ne mai ramuka kamar saƙar zuma, yana marmashewa a hannu. Tun da Turawan Ingila suka soma gina Fot Sudan a 1905, kimanin kilomita 60 arewa, manyan jirage suka ƙaurace wa Sawakin, gidajen kuma suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, Turkawa sun gyara su, suna tsaye tsakiyar kufai. Daga sabuwar tashar garin jirage na kwasar fasinja zuwa Jidda, tafiyar dare ɗaya.

Dare ɗaya. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro ke nan. Mutum ya taka ƙasa shekara bakwai, sai dare ɗaya na ruwa, ko 'yan kwanaki a jirgin ruwa mai tafiya da iska na zamaninsa, ya shiga tsakaninsa da abin da ya fito nema.

Ta fuskar fiƙihu liman ya yi gaskiya, ba ni da ja. Hajji yana da rukunai, kuma tsohon nan ko harami bai ɗaura ba. Amma fiƙihun ne kuma ya fitar da shi daga gida. A mazhabar Malikiyya, wanda zai iya tafiya da ƙafa, yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana ƙirga shi cikin masu iko ko ba shi da guzuri da abin hawa. Baduku lafiyayye ya ji wannan hukunci, ya ɗauke shi da gaske. Kuma aya ta 100 a Suratun Nisa'i tana maganar wanda ya fita daga gidansa yana mai hijira zuwa ga Allah da ManzonSa, mutuwa ta riske shi a hanya, cewa ladansa ya tabbata. A kan hijira ta sauka, na sani. Sai dai ba na jin Ubangijin da ya ƙirga sawun mai hijira zai ƙyale sawun maniyyaci.

Akwai ɓangaren da ya fi mini ciwo. Ya bar mata da 'ya'ya biyu, kakana ne ya riƙe su. Ban yarda a yi maganar ladan tafiyarsa a manta da wadda ta yi shekara bakwai ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba. In akwai rabo a wannan tafiya, ina roƙon Allah ya ba ta nata cikakke.

Da la'asar na zauna wajen mai jabana, kofi mai citta da ake zubawa daga 'yar tukunyar laka. Wani dattijo ya ji ina waya da Hausa, ya matso.

"Ɗana, daga ina?"

Na gaya masa. Ya ce kakansa Bakatsine ne, shi kuwa a nan aka haife shi, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, bai kuma taɓa haye ruwan ba. Na ce, "Baba, ashe kun zama 'yan gari." Ya girgiza kai.

"A hanya muke, ɗana. Ranar da Allah ya kira, sai mu ƙarasa."

Irinsu suna da yawa a Sudan, daga Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa nan gaɓar teku. Na so in ce masa niyyar da ta kai jika ta zama zama, amma na kasa, domin na ga yadda ya dubi gabas sa'ad da yake maganar.

Shi ya raka ni tsohuwar maƙabarta a bayan gari. Babu suna a kan mafi yawan kaburburan, duwatsu ne kawai a kai da ƙafa. Na tsaya inda na ga dama na ɗaga hannu, dattijon yana cewa amin. Sai da na shafa na lura cewa a cikin addu'ar, Alhaji na kira shi.