Kwamfutar Tebur da Wayar Hannu a Ma'aunin Fiƙihu

Idan kwamfutar tebur ta daina tashi a gari irin Korgom, da ke gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, abin da ke gaban mai ita yakan yi kama da lissafin kuɗi kawai: ko dai ya ɗora ta a mota ya kai wa mai gyara a Tasawa ko Maraɗi, ko kuwa ya haɗa kuɗin gyaran da na motar, ya yi ciko, ya sayi babbar waya ta Tecno ko itel. Sai dai a wurin Musulmi dukiya ba ta fita daga hukunci, don haka zaɓin yana da fuskar addini, ko da mai yin sa bai lura ba.

Malamai da yawa sun bambanta israfi, wato wuce iyaka wajen kashe dukiya a kan abin da ya halatta, da tabziri, wato zuba ta inda bai dace ba sam. Alƙur'ani ya hana na farko a Suratul A'araf, ya hana na biyu a Suratul Isra'i, kuma hadisin Mugira ɗan Shu'uba da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sanya tozarta dukiya cikin abubuwan da Allah yake ƙi. An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan gyara takalminsa, ya ɗinke tufafinsa da hannunsa. Daga nan ne wasu suke yanke cewa gyara ya fi sauyi a kowane hali, kuma a wannan yankewa akwai gaggawa.

Gaskiya ne kwamfutar tebur abar gyara ce tun daga ƙirarta, domin akwati ce da ake buɗewa da sukudireba, kowane sashe kuma ana cire shi a kan kansa. Sau da yawa ciwon bai wuce ƙurar hunturu da ta cushe fanka ba, ko na'urar raba wuta da ta ƙone sa'ad da lantarki ya dawo da ƙarfi, ko ɗan allon ƙwaƙwalwa da ya saki, wanda mai gyara zai zare, ya goge bakinsa, ya mayar. Amma na'urar da aka gyara tana buƙatar wuta, kuma ba ta da batir da zai riƙe ta ko na minti ɗaya. Wutar yankin Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana dogara da layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta, ba ta mayar ba sai a Maris 2024. Ƙauyuka masu yawa kuwa ba su taɓa ganin turken kamfanin wuta na NIGELEC ba. Waya tana cika da ƙaramin faifan sola ko a shagon mai caji. Ɗan kasuwar wake da ke son jin farashin Dawanau ta Kano, ko dattijuwar da ke jiran saƙon murya daga ɗanta da ke ci-rani, ba su da abin yi da akwati mai jiran wuta. Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya karkasa maslaha, wato amfanin da shari'a ke karewa, zuwa larura da buƙata da ƙawa, kuma bisa wannan ma'auni, kashe kuɗi don tayar da na'urar da ba za ta biya wata buƙata ba shi ne israfin, ko da sunansa gyara.

Hukuncin yana juyawa idan kwamfutar ba ta mutum ɗaya ba ce. Wadda ke ofishin magajin gari, ko kwaleji, ko ɗakin shan magani, amana ce, kuma amfaninta yana cikin zamanta wuri ɗaya: tana haɗe da injin buga takardu, ɗalibai da yawa suna koyon rubutu a kanta bi da bi, sunaye da lissafin da ke cikinta kuma suna nan bayan ma'aikacin ya tashi. Waya kuwa aljihu take shiga, kuma ranar da aka yi wa mai riƙe da ita canjin wurin aiki, ba wuya ta bi shi da duk abin da ke ciki. Fiƙihun Malikiyya ya san irin wannan mas'ala a babin hubusi, wato dukiyar da aka tsayar don amfanin jama'a: Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya yarda a sayar da abin hubusin da ya daina amfani, in ba gida ko fili ba ne, da sharaɗin a zuba kuɗin a cikin irinsa. Kayan gwamnati ba hubusi ba ne a tsantsar ma'ana, amma dalilin hukuncin ya hau kansu, kuma da wuya a kira wayar da mutum ɗaya ke kwana da ita irin kwamfutar da jama'a ke tarayya a kanta.

Abin da ya fi faruwa ma ba gyara ba ne, ba kuma sayarwa ba: a ɗora na'urar a kan kabad, a lulluɓe ta da tsumma, ta yi shekaru har ɓeraye su cinye wayoyinta, alhali allonta da madanninta lafiyarsu lau. Wannan ya fi kusa da tozarta dukiya fiye da zaɓi biyun da ake jayayya a kansu. Ƙarshenta kuwa juji ne, ko hannun masu ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe, su shaƙi hayaƙin roba da gubar dalma. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ƙiyasta sharar kayan lantarki ta duniya a 2022 da tan miliyan 62, wadda ƙasa da rubu'inta aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida, ga kuma Yarjejeniyar Bamako ta 1991 da ta hana shigo da shara mai guba Afirka, ko da yake kayan gwanjo da suka kusa mutuwa suna shigowa da sunan masu aiki. Ko an yanke cewa akwatin ya gama yayi, faifan ajiyarsa ana kwance shi a ɗaura a wata kwamfutar, takardun su fito yadda suke, abin da ba ya samuwa da sauƙi a wayar da ta mutu, domin ma'ajiyarta a liƙe take da allon cikinta.