Idan Kwat Ba Ta Zauna Ba: A Faɗa Ko A Yi Kara?

Da yawa daga cikinmu muna da keken ɗinki a ɗaka, wata Singer, wata Butterfly, kuma mun ƙware a kayan yara da na mata. Wasu ma har sun kai ga ɗinka wa maigida ko saurayin ɗansu rigar kwat, ko su karɓi ɗinkin maƙwabta ana biyansu. To, a nan wata tambaya take tasowa wadda ta fi ƙarfin almakashi da zare. Idan uwargida ta ɗinka kwat, mai ita ya saka, ta ga da idonta ba ta zauna ba, alhali shi yana ta murna, shin ya wajaba ta faɗa, ko kuwa shirun ya fi alheri? Haka shi ma, idan ya ji tana matse shi a hammata, ya faɗa ne ko ya yi kara?

Mu fara da sanin abin da ya sa tambayar ta fi zafi a kan kwat. Babbar riga da kaftani tufafi ne masu rufa wa tela asiri, domin yalwarsu takan haɗiye kuskuren awo. Kwat kuwa a kan kafaɗa take rataye, tana bin ƙirji da baya da kwankwaso, don haka kuskuren santimita 2 ma sai ya bayyana. Kuma yadin da kansa yakan faɗi inda matsalar take. Idan aka ɗaura maɓalli sai yadin ya yi jan layuka huɗu daga wurin maɓallin, to ta matse a ciki. Idan kwala ta ɗaga ta bar wuyan rigar ciki, ko yadi ya tattare a kwance ƙarƙashin kwala ta baya, to yankan bai dace da tsayuwar mutumin ba. Idan kafaɗar kwat ta zarce ƙashin kafaɗarsa, sai saman hannun ya lotsa. Hannu kuma ana so ya tsaya a wuyan hannu, ya bar wajen santimita 1 na hannun rigar ciki yana leƙowa. Kin ga ke nan wadda ta iya ɗinki ba za ta ce ba ta gani ba. Ta gani, abin da ya rage shi ne me za ta yi da abin da ta gani.

Masu cewa a yi shiru suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa ai kwat ɗin da mace ta ɗinka wa mijinta kyauta ce, kuma abin dubawa a kyauta shi ne zuciyar mai bayarwa. Ta ɓata dare da rana a kan keke, shi kuma ya karɓa da farin ciki, to mene ne amfanin ɓata wannan farin cikin saboda ɗan tattarewar yadi? Suna kuma cewa kara da kawaici su ne suke riƙe zaman aure, kuma ba kowace gaskiya ce ake furtawa ba. Duk wannan haka yake.

Amma a duba wanda zai ɗauki nauyin shirun. Maigida ne zai saka wannan kwat ya tafi ofis, ko wurin taro, ko ɗan ya je neman aiki da ita. Abin da uwargida ta gani a tsakar gida, mutanen waje ma za su gani, su kuwa ba su san wahalar da aka sha ba. Wato shirun da ta yi don kada ransa ya ɓaci na minti biyar, shi ne zai sa a riƙa kallonsa ana ƙus-ƙus bai san dalili ba. Idan muka yi wa kanmu adalci, sau da yawa abin da muke kira kara a irin wannan hali gudun warware ɗinki ne, ko kunyar a ce ba mu iya ba. Karar da za ta hutar da mai yin ta, ta jefa wanda aka yi wa cikin jin kunya, tana bukatar a sake duba ta.

Sai dai kuma faɗin gaskiya yana da lokacinsa, kuma a nan sana'ar ɗinki ta riga ta samo mafita. Telolin titin Sabil Ro da ke birnin Landan, waɗanda suka yi suna a duniya wajen ɗinkin kwat, ba sa gama ɗinki kafin mai kaya ya gwada. Da farko sukan haɗa rigar da farin zare, ɗinkin hannu mai faɗi na wucin gadi, mutum ya saka, su yi alama da alli, sannan su warware ta su gyara yankan. Akan yi irin wannan gwaji sau 2 ko 3 kafin a kammala. Manyan ƙwararru ke nan suka yarda cewa awon tef kaɗai ba ya isa, domin galibin mutane kafaɗarsu ɗaya ta fi ɗaya sauka, wani yana tsayuwa a miƙe, wani a ɗan duƙe. To, idan su ba su ji kunyar warwarewa ba, don me mu za mu ji?

Saboda haka uwargida, kafin ki sa almakashi a yadi mai tsada, fara yanka samfurin a yadi mai araha ki gwada masa. Ya saka a kan irin rigar da zai riƙa sakawa a ciki, ya tsaya yadda ya saba tsayuwa, ya zauna, ya miƙa hannu gaba kamar mai tuƙi. Ki tabbatar faɗin kwat a ƙirji ya ɗara awon ƙirjinsa da wajen santimita 10, domin ya samu wurin motsi. Sa'annan ki bar rarar yadi a ɗinkin gefe da na tsakiyar baya fiye da santimita 1.5 da aka saba bari, saboda rage riga abu ne mai sauƙi, amma ƙara ta ya dogara ne a kan abin da aka bari a ciki. Kada ki sa shafi, kada ki huda ramin maɓalli, sai kin gamsu. A wannan mataki, in kin ce "Maigida, kafaɗar nan ta yi faɗi, bari in rage," ba wanda zai ji zafi, domin kowa ya san aiki bai ƙare ba. Shi ma ki ba shi dama ya faɗi inda take damunsa ba tare da kin ɓata fuska ba, don in ya ga alamar fushi, zai ce ta yi daidai ko da tana shaƙe shi.

To, idan an riga an gama fa? A nan sai a rarrabe. Akwai aibin da yake gyaruwa: a rage ciki ta ɗinkin gefe, a rage ko a ƙara tsawon hannu, a matsar da maɓalli kaɗan. Irin wannan ɓoye shi ba shi da uzuri, tunda maganinsa yana hannunki. Akwai kuma wanda gyaransa kusan sabon ɗinki ne, kamar faɗin kafaɗa, wanda sai an cire hannu gaba ɗaya, ko tsawon rigar, wanda in aka taɓa shi aljihu da maɓalli sukan bar muhallinsu. Idan aibin ƙarami ne da sai mai sana'a zai lura, kuma kyauta ce tsakanin miji da mata, ina ganin kawaici ya halatta. Idan kuwa zai sa a yi masa dariya, gara ya ji daga bakinki cikin lallashi, a ajiye ta ta zama ta zaman gida ko a rage wa yaro.

Wannan sassaucin bai shafi mai ɗinkin kuɗi ba. Wadda aka ba ta yadi da lada, amana aka ba ta. In ta ga aibi ta danne shi da dutsen guga don ya ɓuya har mai kaya ya biya ya tafi, to ta ci amana, ko da bai taɓa ganewa ba. Abin da ya dace shi ne ta nuna masa, ta gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba in kuskuren daga gare ta ne, ko su daidaita a kan ragi. Za ta iya rasa ladan yini guda, amma mai kaya ba ya manta telan da ya gaya masa gaskiya.

A taƙaice 'yan uwa, mu auna shirunmu da tambaya ɗaya: wa zai amfana da shi, ni ko shi? In shi ne, mu yi kara. In mu ne, mu ɗauko reza mu warware ɗinkin. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu da gidajenmu, amin.