Alƙalancin Harshe a Kan Kofin Shayi

Duk wanda ya saba zama a bencin mai shayi bayan sallar asuba ya san irin gardamar da kan ɓarke a wurin. Wani ya kurɓa ya ce yau ganyen bai kai na jiya ba, na kusa da shi ya ce shi kam bai taɓa shan mai daɗin na yau ba. Kafin a jima sai wani dattijo ya raba gardama da cewa, "Ku bari, kowa da bakinsa." Sai a yi dariya a koma kan burodi. To, mu dai wannan magana ta dattijo ta daɗe tana yi mana kai-kawo a zuci. Shin da gaske ne babu gaskiya a cikin ɗanɗano, sai dai abin da ran mutum ya so? In kuwa haka ne, da wane haƙƙi wani zai ce wannan shayi ya fi wancan?

Kada mai karatu ya ɗauka zancen banza muka ɗauko, domin kuwa akwai mutanen da tuwonsu ya rataya a kan amsar. A birnin Mombasa na ƙasar Kenya ana gwanjon ganyen shayi duk mako, kasuwar da aka dawo da ita can daga Nairobi a shekarar 1969. Kafin a buɗe ciniki, sai dillalai da masu saye sun sa ƙwararrunsu sun ɗanɗana samfurin kowane kaya, kuma abin da harshensu ya faɗa shi ke jan farashi sama ko ƙasa. Fiye da rabin shayin Kenya ƙananan manoma ne ke noma shi. Ke nan matar da ta wuni a tsaunukan Kericho tana tsinkar toho da ganye biyu na kan reshe, ladan wahalarta yana hannun wani mutum da ba ta taɓa gani ba, wanda ya kurɓi cokali guda ya tofar. Idan "kowa da bakinsa" ita ce ƙarshen magana, ashe caca ake yi da guminta.

Masu wannan sana'a ba su yarda su bar abin ga son rai ba. Tun a 1980 hukumar daidaita ma'auni ta duniya, wato ISO, ta fitar da ƙa'idar dafa shayin gwaji mai lamba 3103: giram 2 na ganye ga kowace mililita 100 ta tafasasshen ruwa, a cikin farin kofin tangaran mai murfi, a bar shi minti 6 cif. Ba don haka ya fi daɗi ba ne, a'a, sai don kowane ganye ya shiga shari'a da kaya iri ɗaya. Mai gwaji zai duba busasshen ganyen, ya sansana jiƙaƙƙen, ya dubi launin ruwan, sa'an nan ya zuƙa da ƙarfi har da ƙara, yadda iska za ta kai ƙamshin cikin hanci ta bayan maƙogwaro. Dalili kuwa shi ne, harshe ɗan abin da yake ganewa kaɗan ne, irin su zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri. Sauran aikin na hanci ne. Shi ya sa mai mura kan ce shayi ya zame masa ruwan zafi kawai.

Mai shakka zai ce, ai duk wannan burga ce, wa ya tabbatar suna jin abin da suke cewa suna ji? Tambayar tana kan hanya, an kuma taɓa yin ta. A Ingila wata masaniya mai suna Muriel Bristol ta ce tana iya bambance shayin da aka fara zuba wa madara a kofi da wanda aka zuba masa ita daga baya. Abokin aikinta Ronald Fisher, masanin lissafi, bai yi mata dariya ya wuce ba, bai kuma gaskata ta haka kawai ba. Sai aka jera mata kofi 8, huɗu iri ɗaya huɗu ɗaya irin, ba tare da ta san jerinsu ba. A littafinsa na 1935 ya nuna cewa mai canki-canka sau ɗaya cikin 70 ne zai dace da duka. Masu ba da labarin sun ce ba ta kuskure ko guda ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A nan ne muke ganin bakin zaren. Maganganu biyu ne muke cakuɗawa, alhali ba ɗaya suke ba. "Ya yi mini daɗi" magana ce a kan mai sha, babu mai ikon ƙaryata ta. "Yana da kyau" kuwa magana ce a kan shayin, saboda haka tana neman shaida. Idan ganye ya sha hayaƙi wurin busarwa, ko ya yi fumfuna a rumbu, ko ya kwana kusa da sabulu a kanti ya kwashi warinsa, wannan aibi yana nan ko an so ko an ƙi. Dattijon bencin mai shayi ya yi gaskiya a kan ta farko, amma ya zarce da ita ya rufe ta biyu.

Sai dai shi ma ƙwararre yana da nasa ramin. Wanda ya saba da tsadadden ganyen Darjeeling na Indiya, mai sanyin ƙamshi, yana iya raina garin ganyen da ke cikin 'yar jakar da mai shayinmu ke tsomawa. Amma shi wannan an niƙa shi ne musamman don ya saki launi da bauri nan da nan, ya kuma tsaya da ƙafarsa a gaban madara da sukari. Haka koren shayin ƙasar Sin da Buzaye da mutanen Agadas ke tafasawa a 'yar buta kan gawayi har zubi uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi: in aka auna shi da minti 6 na ɗakin gwaji an zalunce shi, domin rabin daɗinsa zaman da ake yi ana jiransa ne. Dukkansu daga itace guda suka fito, da su da wanda ake nomawa a tsaunin Mambila, amma kowanne da aikin da aka yi shi dominsa. Ba a awon gero da ma'aunin zinariya.

Saboda haka a ganinmu harshe yana iya zama alƙali, amma da sharuɗɗa. Ya yi wa kowa awo da mudu ɗaya. Ya rufe ido daga sunan da ke jikin kwali da kuɗin da aka rubuta, domin sau da yawa suna muke sha ba shayi ba. Ya iya faɗin aibin da ya gani da sunansa, ba ya yamutsa fuska kawai ba. Ya kuma san inda sani ya ƙare, so ya fara. Wanda ya ce "ba na son sa" ya faɗi gaskiyarsa. Wanda ya mai da rashin sonsa ya zama "ba shi da kyau", ya ci amanar wanda ya noma da wanda ya dafa.

Gobe in mun koma benci aka miƙo kofi, kafin mu yanke wa mai shayi hukunci, ya kamata mu ɗan dakata mu tambayi kanmu: shayin ne ya canza, ko kuwa mu ne muka tashi da mura?