Tonon asiri ko riƙon amana?

Wai shin, ma'aikacin da ya ga ana tafka ɓarna a wurin aikin sa ya kai ƙara gun na gaba, mai gaskiya ne ko annamimi? Mu dai mun taso mu na jin cewa rufin asiri halin kirki ne. To amma akwai bambanci tsakanin suturta laifin da ya tsaya kan mai shi, da yin gum alhali ana cinye dukiyar bayin Allah. Na biyun nan ba sutura ba ce, haɗin baki ne.

Shi ya sa manyan kamfanoni ke buɗe lambar waya ko akwatin ƙorafi na sirri. A Amurka, dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta wajabta irin wannan hanya ga kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, bayan rushewar Enron. A can ne wata jami'a, Sherron Watkins, ta rubuta wa shugaban su Kenneth Lay a watan Agusta 2001 cewa akwai maguɗi a lissafin kuɗi. Sai ya miƙa binciken ga lauyoyin da da ma da su aka ƙulla wasu daga cikin cinikayyar. An ba kura ajiyar nama kenan. Kafin shekara ta fita kamfanin ya durƙushe.

To samar da lambar waya ya wadatar? Ina! Bankin Wells Fargo ya na da ita, amma a 2016 aka ci shi tarar dala miliyan 185 saboda asusun da aka buɗe wa jama'a ba da sanin su ba. A 2017 kuma hukuma ta umarce shi ya biya wani manaja dala miliyan 5.4, wanda aka kora bayan ya kai rahoto.

Don haka, mai karatu, in za a auna irin wannan tsari, kada a ce ai ƙorafi ya yi ƙaranci, lafiya lau. Sau da yawa shirun nan tsoro ne. A tambaya: wa ke karɓar ƙarar? Ya na ƙarƙashin wanda ake tuhuma? An kuwa saurari shi wanda ake zargin, don gudun ƙage? Sannan babbar tambaya: ina wanda ya yi magana bara, ya na nan kan kujerar sa? Abokan aikin sa sun san amsar, kuma da ita su ke yanke shawarar buɗe baki ko kama shi.