Sunan Wa Ake Ambata A Addu'a?

A zamanin da, Turawan Ingila suna da wata kalma, "bede-roll", watau jerin sunayen mamatan da ake karantawa a coci don a yi musu addu'a. Galibi wanda ya ba coci dukiya shi ake rubutawa. A ƙarni na 16 aka daina.

Mu ma muna da namu jerin. Waƙar Bagauda ta lissafa sarakunan Kano bi da bi. Amma a ƙauyukanmu na Bici, wa ya san sunan wanda ya sare dajin da ya zama gonarmu ta gado? Mukan yi sadakar uku, da bakwai, da arba'in. Bayan jikoki suna ya ɓace, kabari kuma ba rubutu. Ga shi muna cin gero da dawa daga guminsa.

Shin butulci ne wannan? A ganinmu a'a, muddin ba mu bar addu'a ba. Jerin sunaye yakan bi mulki da dukiya. In kuwa muka ce Allah ya jiƙan magabatanmu, sarki da talaka duk sun shiga, ba wanda ya biya ko kwabo. Butulcin shi ne mu ci gonar mu yi shiru.