'Yar Aikin Gidanki, Wa Ke Karɓar Kuɗinta?

Da an ce safarar mutane sai hankalinmu ya tafi can Agadas, ga 'yan mata an loda a bayan mota an nufi Libiya da su, ko kuwa mutanen nan 92, yawancinsu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a 2013. Mu yi salati, mu ce Allah ya kyauta, sannan mu juya mu ƙwala wa 'yar aiki kira ta zo ta kwashe kwanuka.

To ni a kan wannan yarinyar nake son mu yi magana, don ni ma na taɓa ajiye irinta. Bayan haihuwata ta biyu wata mata ta kawo min yarinya daga ƙauye, ba za ta wuce shekara goma ba, riƙe da 'yar ledar kayanta. Muka yi ciniki tana tsaye tana jinmu. Duk ƙarshen wata matar ce ke zuwa ta karɓi kuɗin, wai ana tara wa yarinyar na kayan ɗaki. Ban taɓa ganin uwarta ba, ko sunan garinsu ban tambaya ba. Tunda ba na dukanta, tana ci ta ƙoshi, da sallah kuma na ɗinka mata atamfa, ni a ganina ai na gama kirki.

Ashe akwai doka. Najeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003 domin yaƙi da safarar mutane, aka sabunta dokar a 2015. A ciki an ce duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, da mai kawo shi, da mai ajiye shi, hukuncinsa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 7. Wallahi ranar da na ji haka sai da gabana ya faɗi, don ban taɓa kawowa a raina cewa da ni da matar nan layinmu ɗaya ba. Dokar ta kuma tanadi masauki da asusun tallafi ga waɗanda aka ceto.

Wata ƙawata ta ce min, "Ke dai kin cika tsirfa. In kin mai da ita ƙauye me za ta tarar, in ban da talla da yunwa?" Maganarta akwai ƙanshin gaskiya. Shi ya sa nake ganin duk wata dokar da 'yan majalisa za su ƙaro, kada ta tsaya a ɗauri kawai, ta dubi inda yarinyar za ta koma: makaranta, sana'a, da ɗan jarin da zai hana uwarta sake miƙa ta. Amma fa talaucin iyayenta bai wanke ni ba. Arhar da na samu daga talaucin nan ta fito, ga shi kullum ita ke ɗaukar jakar ɗana ta raka shi bakin makaranta ta juyo gida wanke-wanke.

Shekararta biyu a wurina matar ta zo ta ɗauke ta, an samu gidan da ya fi ni biya. A zaure yarinyar ta waiwayo ta ce, "Anti, in Innata ta zo nemana ki gaya mata inda aka kai ni." Na ce mata to. Matar na gaba tana sauri, ban ko tambaye ta wace unguwa za su ba.